Dama da hagu a cikin ƙwayar magani

Akwai wani sinadari da ake sawa a magungunan tari da yawa, sunansa dekstrometofan, aikinsa ya kwantar da tari, kuma a ƙasashe da dama ko takardar likita ba a nema kafin a sayar maka. Akwai kuma wani da ake kira lebometofan, wanda in ka kai shi lab aka ƙirga abun da ke cikinsa za a samu kabon 18, haidirojin 25, naitirojin 1, oksijin 1, daidai da na farkon ba ragi ba ƙari, kuma kowane atam a manne yake da maƙwabcin da yake manne da shi a ɗayan, nauyinsu ɗaya, zafin da suke narkewa ɗaya. Amma shi na biyun dangin mofin ne, yana cikin jerin ƙwayoyin da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1961 ta sa wa takunkumi. Toh mene ne ya raba su? Ɗaya hoton ɗaya ne a madubi, shike nan. Wannan ɗan bambancin da kamar bai kai a tsaya a kansa ba shi masana kemistiri ke kira kairaliti, kuma ya kashe mutane, ya warkar da mutane, ya kuma cika aljihun kamfanoni.

Ka dubi hannuwanka biyu. Yatsu biyar nan biyar can, jerinsu ɗaya, babban yatsa kusa da manuni, amma ka kifa hannun dama a bayan na hagu ka gani, babban yatsan wannan zai leƙa gabas na wancan ya leƙa yamma, duk yadda ka juya ba za su taɓa hawa kan juna daidai ba. Cokali kuwa ko kofi marar zane, hotonsa a madubi shi ɗin ne dai, ka ɗan juya shi ya koma daidai. Molikul ma haka suke, wasu suna da dama da hagu wasu ba su da shi. Kuma galibi kabon ne ke jawo abun, saboda atam ɗin kabon yana riƙe abu huɗu ne a lokaci ɗaya, kuma ba a shimfiɗe suke ba yadda ake zana su a allo, ɗaya yana kallon sama ne sauran ukun sun baje ta ƙasa kowanne ya yi nesa da ɗan'uwansa. In dai abubuwan huɗun nan duk sun bambanta, to hanya biyu ce ta jera su. Ɗauki alanin misali, ɗaya daga cikin tubalan furotin: kabon ɗin tsakiya yana riƙe da haidirojin, da gungun amino, da gungun metil, da gungun asid. Ka juya shi yadda haidirojin zai koma can baya ya ɓoye, ka kalli ukun da suka rage, daga amino zuwa asid zuwa metil ko dai suna bin hanyar hannun agogo ko suna saɓa masa, kuma ba yadda za ka yi ka mai da wannan ya zama wancan sai ka ɓalle abu biyu ka musanya musu wuri. Gilaisin kuwa, wanda shi ma tubalin furotin ne, haidirojin biyu yake riƙe da su, don haka shi ba ruwansa da wannan rigimar.

Abun yana ƙara cakuɗewa in irin wannan kabon ɗin ya wuce ɗaya a molikul guda, kowanne yana ninka yawan siffofin da za a iya samu sau biyu. Kolestarol yana da guda 8, kenan a lissafi siffa 256 ce za ta yiwu, amma jikinka guda ɗaya tak yake ƙerawa.

Wanda ya fara kama zaren abun nan wani matashi ne ɗan shekara 25 a birnin Paris, Louis Pasteur, a 1848, tun kafin ya yi suna a harkar ƙwayoyin cuta da rigakafi. Dama tun 1815 Jean-Baptiste Biot ya lura cewa in ka tace haske ya zama ta fuska ɗaya kawai yake kaɗawa, sannan ka ratsa da shi ta cikin ruwan wasu sinadarai da ake samu daga tsirrai, sai fuskar ta karkace, wani ya karkata ta dama wani hagu. Akwai wani asid da ke taruwa a jikin gangunan giyar inabi, asid ɗin tatarik, shi yana karkata hasken dama, sai kuma ga wani ɗan'uwansa da aka samu a masana'anta wanda komai nasu ɗaya amma shi ko gezau hasken ba ya yi, abun ya ɗaure wa manya kai. Pasteur ya yi gishirin wannan na biyun ya bar shi ya daskare ya zama ƙananan duwatsu masu ƙyalli, ya sa su ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ya ga kowane dutse yana da wata 'yar ƙaramar fuska a gefe kamar an ɗan yanke kusurwar, a wasu tana dama a wasu tana hagu. Sai ya ɗauki ɗan hantsaki ya zauna yana tsince su ɗaya bayan ɗaya, na dama tuli guda na hagu tuli guda. Ya narkar da kowane tuli daban, wannan ya karkata haske dama, wancan ya karkata shi hagu da gwargwado iri ɗaya, ya haɗa su rabi da rabi hasken ya wuce sumul. Ashe dama can abu biyu ne a cakuɗe kowanne yana soke aikin ɗan'uwansa. Biot, wanda a lokacin ya haura saba'in, bai yarda da jin labari ba, kiran yaron ya yi ya ba shi kayan aiki daga nasa ya ce a sake a gabansa, kuma shi da kansa ya auna ruwan na hagun. Gaskiya akwai rabo a lamarin, don wannan gishirin ba ya rabuwa gida biyu haka sai in zafin wurin bai kai digiri 26 ba, kuma sinadaran da ke yin irin wannan rabuwar da kansu 'yan kaɗan ne ƙwarai.

Pasteur ya san abun daga siffar molikul ɗin yake amma bai san yadda take ba. Sai a 1874 wasu matasa biyu, Jacobus van 't Hoff a Holan da Joseph Le Bel a Faransa, kowanne shi kaɗai, suka kawo bayanin kabon mai riƙe abu huɗu ta kusurwa huɗu. Wani babban farfesa a Jamus, Hermann Kolbe, ya yi wa van 't Hoff ba'a son ransa a rubuce, da yake yaron a makarantar likitan dabbobi yake koyarwa sai ya ce wai dokin tatsuniya mai fukafukai ya aro a bargar makarantar ya hau yana hango yadda atam ke zaune a sararin sama. Shi wannan van 't Hoff ɗin ne ya fara karɓar kyautar Nobel ta kemistiri a 1901. Amma a ce ga ainihin wanda ke dama ga wanda ke hagu, wannan sai 1951 Johannes Bijvoet ya tabbatar da shi da hasken eksire a Utrecht, kafin nan canka kawai masanin kemistiri na Jamus Emil Fischer ya yi kowa ya bi, kuma aka ci sa'a cankar ta faɗa daidai.

A nan ne ɗalibai ke ruɗewa, don lakabi kala uku ne ke yawo. Akwai alamar tarawa da ta ɗebewa, su suna faɗin inda haske ya karkata ne kawai. Akwai D da L, tsohon tsari da ake amfani da shi ga sukari da tubalan furotin. Sai R da S, tsarin Cahn da Ingold da Prelog, wanda ke bin waccan dabarar ta hannun agogo. Ba sa bin juna dole, abu zai iya zama L amma ya karkata haske dama, don haka kar wanda ya ɗauka S yana nufin mai kyau ko R mai cutarwa, suna ne kawai.

Yanzu ga inda maganar take. In tagwayen nan komai nasu ɗaya, me ya sa jiki yake bambanta su? Saboda shi kansa jikin ɓangare ɗaya ya ɗauka. Cikin tubala 20 da ake gina furotin da su, 19 suna da dama da hagu, kuma duk wani mai rai da aka sani, daga bakteriya zuwa giwa, nau'in L yake jerawa a furotin ɗinsa. Sukarin da ke ƙashin bayan DNA kuma nau'in D ne. Kenan duk wani enzayim da ke narka abinci ko magani, duk wata 'yar kafa a jikin tantani da magani zai shiga ya zauna ya yi aiki, an ƙera ta ne da tubala masu fuskantar gefe guda, ita ma tana da nata dama da hagun. Safa ba ruwanta da wace ƙafa ka zura mata, amma takalmi ya sani, ƙafar dama a takalmin hagu ko dai ta ƙi shiga ko ta shiga tana ciwo. Ruwa da zafin wuta da ma'auni safa ne, shi ya sa ba sa ganin bambanci, furotin kuwa takalmi ne. Tun 1933 Easson da Stedman suka bayyana shi a sauƙaƙe, cewa in magani yana buƙatar ya taɓa wuri uku a jikin furotin kafin ya yi aiki, to tagwayensa duk yadda ya juya biyu kawai zai iya taɓawa a lokaci guda, na ukun zai kalli wani wajen.

Hancinka ma ya san wannan. Sinadarin da ake kira R-karvon shi ne ƙamshin na'ana'a, tagwayensa S-karvon kuma ƙamshin ƙwayar karawe ne da ake sawa a girki, wani abu daban sam. A 1886 Arnaldo Piutti a Italiya ya ɗanɗana asfarajin, wani tubalin furotin, kala biyu ya ji ɗaya da zaƙi ɗaya lami. Gulukos na hagu kuwa yana da zaƙi a baki amma jiki bai san yadda zai ƙona shi ya samu ƙarfi ba.

Duk wanda ya taɓa zama ajin kemistiri ya ji labarin talidomaid, kuma kusan kullum siga ɗaya ake bayarwa: wai hannu ɗaya magani ne ɗayan guba, da an raba su da ba a yi asara ba. Labarin ya yi daɗin faɗa shi ya sa ya bazu, amma rabin gaskiya ne, kuma rabin da ake bari shi ya fi muhimmanci.

Kamfanin Chemie Grünenthal ne ya fito da shi a Jamus ta Yamma a 1957 da sunan Contergan, maganin barci da kwantar da hankali, ana tallarsa a matsayin wanda ba shi da hatsari har ana sayar da shi ba takardar likita, mata masu ciki suka rungume shi saboda yana tsai da tashin zuciyar farkon ciki. Ya shiga ƙasashe 46. Sai aka fara haihuwar jarirai da guntayen hannuwa ko ƙafafu, wani tafin hannun a kafaɗa yake fitowa kai tsaye, wasu ba kunne, wasu da matsalar zuciya ko hanji, sama da 10,000 aka ƙiyasta kuma da yawa ba su rayu ba. Abun tsoron shi ne ɗan taƙin lokacin da yake ɓarnar, tsakanin kwana 20 zuwa 36 da shigar ciki, lokacin da wata ma ba ta gama tabbatar tana da cikin ba, kuma ƙwaya ɗaya ta isa. Widukind Lenz a Jamus da William McBride a Ostireliya su suka danganta abun da maganin a 1961, aka janye shi a Jamus a watan Nuwamban shekarar. Amurka ta tsira daga mafi yawan bala'in ne saboda wata ma'aikaciyar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, Frances Kelsey, da ta ƙi sa hannu tana ta cewa bayanan da aka kawo mata ba su gamsar da ita ba duk da matsin da ake mata, kuma ita ba maganar dama da hagu ce ta tsai da ita ba, rashin ƙwararan hujjoji ne. A 1962 Amurka ta sauya dokar magani gaba ɗaya saboda wannan.

Maganar R da S sai a 1979 ta shigo, da wani bincike a Jamus ya nuna kamar S ne ke lalata 'ya'yan ɓeraye R kuma bai yi ba. Daga nan labarin ya shiga littattafai. Amma da aka zo aka ba mutane tsantsar R kaɗai aka riƙa auna jininsu, a shekarun 1990, sai ga S ya bayyana cikin 'yan awanni, aka ba da S kaɗai sai ga R. Dalilin kuwa haidirojin ɗin da ke kan wancan kabon na tsakiya bai riƙu da ƙarfi ba, a yanayin jini yana ɓallewa, da zarar ya ɓalle sauran ukun sai su baje su kwanta a shimfiɗe, in wani haidirojin ya dawo zai iya shigowa ta sama ko ta ƙasa, ta inda ya shigo shi zai yanke ko R za a samu ko S. Don haka ko da kamfanin ya tace maganin tsaf ya sayar da R zalla, cikin uwar zai mai da shi cakuɗe kafin gari ya waye. Sai a 2010 wasu masu bincike a Tokyo suka gano furotin ɗin da yake kamawa, sereblon, wanda aikinsa shi ne liƙa wa wasu furotin alamar a kai su a lalata, talidomaid in ya zauna a kansa sai ya sa shi ya riƙa liƙa alamar a kan waɗanda bai kamata ba, ciki har da SALL4 da ɗan tayi ke buƙata wajen fitar da gaɓoɓi, wannan a 2018 aka nuna shi. Kuma eh, S ya fi R riƙe sereblon kusan ninki 10, kenan bambancin gaskiya ne, amfaninsa ne babu tunda jiki yana juya su. Ainihin laifin da aka yi shi ne sakin magani ga masu ciki ba tare da gwajin kirki a kan abun da zai yi wa ɗan tayi ba, kuma ko gwajin ma da tarko a ciki, don ɓeraye galibi ba sa nuna irin wannan nakasar ta gaɓoɓi, sai zomo da biri.

Kuma fa maganin bai mutu ba. A 1964 wani likita a birnin Ƙudus, Jacob Sheskin, ya ba wani mai kuturta da ciwo ya hana barci, sai ya ga ƙurajen da ke azabtar da shi sun lafa. FDA ta amince da shi don wannan a 1998, sannan a 2006 don wani kansar ɓargo, ƙarƙashin tsauraran sharuɗɗan hana ɗaukar ciki. Yadda yake sa a lalata furotin ɗin da ya nakasa jarirai, ta irin wannan hanyar yake sa a lalata waɗanda kansar ke rayuwa da su.

Shi ya sa ni a ganina darasin ba wai akwai hannun kirki da hannun mugunta ba ne. Tagwayen nan magani biyu ne daban da suka zo a ƙwaya ɗaya, kuma ba wata ƙa'ida da za ta gaya maka tun kafin gwaji me na biyun zai yi. Wani lokacin guba ne da gaske: fenisilamin na D shi ake ba masu cutar Wilson don ya kwashe tagullar da ta taru a jikinsu, na L kuwa yana hana bitamin B6 aiki, ba a ba mutum shi. Dopa da ake ba masu cutar Parkinson, mai sa jiki karkarwa, da farko cakuɗe ake bayarwa, aka ga yana zubar da fararen ƙwayoyin jini, aka koma L zalla. Wani lokacin kuma na biyun ɗan rakiya ne kawai, ba ya aikin sai dai ya ƙara wa hanta da ƙoda wahala. Ibufurofen ya fi ban dariya, S ne ke rage ciwo da kumburi, amma jiki da kansa yana kama wani kaso mai yawa na R ya juya shi ya zama S, kuma hanya ɗaya ce ba ta komawa, don haka sayar da cakuɗen bai zama wata matsala ba. Tiramadol kuwa kowane hannu da nasa aikin, ɗaya ya fi taɓa serotonin da hanyar da mofin ke bi, ɗayan ya fi taɓa noradirenalin, wanda shi da serotonin sinadarai ne da jijiyoyi ke aika saƙo da su, hannuwan biyu suke haɗuwa su rage zafin ciwo, in ka raba su ka rage masa ne.

Wanda ya fi ba likitoci ciwon kai kullum shi ne warfarin, maganin hana jini daskarewa. Cakuɗe ne rabi da rabi, S ya fi R ƙarfi kamar sau uku zuwa biyar, kuma enzayim ɗin hanta da ke share S daban yake da masu share R, sunansa CYP2C9. Toh in mai shan warfarin ya haɗa da wani maganin da ke toshe wannan enzayim ɗin, irin su metronidazol, sai mai ƙarfin ya taru a jini, mutum bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba amma ya fara zubar da jini. Wasu kuma gado suka yi, nasu enzayim ɗin dama mai sanyin aiki ne, abun da ya yi wa wani daidai su ya yi musu yawa. In ka auna jimillar warfarin a jini ba tare da ka raba S da R ba, lambar da za ka samu ba ta gaya maka komai sosai.

Wannan shi ne abun da wani masanin magunguna a Holan, Everhardus Ariëns, ya yi ta faɗa a kai, a 1984 ya rubuta cewa binciken da ake yi a kan cakuɗe kamar abu ɗaya ne shirme ne da aka yi wa ado da lissafi, kuma magani irin wannan rabinsa gurɓata ne da aka halatta. Maganar ta yi zafi amma ta shiga. A 1992 FDA ta fitar da matsayarta, ba ta haramta cakuɗe ba, cewa ta yi duk wanda ya kawo sabon magani mai dama da hagu sai ya san me kowane hannu ke yi, yadda jiki ke sarrafa shi, da ko yana juyawa. Tun daga nan mafi yawan sababbin magunguna masu wannan siffa hannu ɗaya ake fito da su.

Sai dai yin hannu ɗayan ba wasa ba ne. In ka haɗa sinadari a tukunyar lab da kayan da ba su da dama da hagu, rabi da rabi za ka samu ko ka so ko ka ƙi, don ba abun da zai sa ɗaya ya fi ɗaya. Tsohuwar dabara ita ce ka yi cakuɗen sannan ka raba, ko ka haɗa shi da wani sinadari mai hannu ɗaya su yi gishiri kala biyu da narkewarsu ta bambanta, ko ka ba wata halitta ta cinye ɗaya ta bar maka ɗaya, duka biyun Pasteur ne ya fara su, a 1858 ya ga wani nau'in fumfuna yana cinye tatarik na dama ya bar na hagu. Amma kaga rabin kayanka ya tafi a banza kenan. Wanda ya canza lissafin shi ne William Knowles a kamfanin Monsanto, ya ɗaura wa ƙarfen rodiyam wani sinadari mai hannu ɗaya, ya zama ɗan kaɗan daga cikinsa yana tura haidirojin ya shiga ta gefe guda a kan dubban molikul. Gwajinsa na 1968 rinjayen kashi 15 cikin ɗari kawai ya samu, bai bari ba har ya kai wajen 95, kuma da shi aka riƙa ƙera L-dopa a masana'anta a shekarun 1970. Shi da Ryoji Noyori na Japan da Barry Sharpless suka raba Nobel ta 2001. A 2021 kuma Benjamin List da David MacMillan suka samu tasu don sun nuna tun 2000 cewa ba dole sai da ƙarfe mai tsada ba, List da furolin ya yi, tubalin furotin ne ɗan ƙarami mai arha.

Inda ilimi ya buɗe ƙofa kuwa kasuwa ba ta jira. Kamfanoni sun gano cewa in haƙƙin mallakar tsohon magani ya kusa ƙarewa, za a iya ciro hannu ɗaya a yi masa sabuwar rajista da sabon suna da sabon farashi, shi ya sa za ka ga sunaye masu farawa da levo ko dex ko es a kan kwalaye. Wasu sun cancanta, lebofuloksasin shi ne hannun da ke kashe bakteriya a cikin ofuloksasin, kuma an samar da allurar kashe zafi mai hannu ɗaya irin su rofibaken ne don tsohuwar bufibaken tana iya tsai da zuciya in ta kuskure ta shiga jijiya. Amma Nexium na kamfanin AstraZeneca, wato hannun S na omefurazol, maganin rage asid a ciki, wanda ya shiga kasuwar Amurka a 2001 daidai lokacin da haƙƙin omefurazol ke ƙarewa, ni dai ban ga abun a zo a gani ba. Omefurazol a kan salfa damansa da hagunsa suke ba a kan kabon ba, kuma da R da S ɗin duk in sun isa tantanin da ke fitar da asid a ciki rikiɗewa suke su zama abu ɗaya marar hannu, shi ne ke aikin. Bambancin kawai hanta ta fi jinkirin share S. Manyan gwaje-gwajen da suka nuna ya fi kuma miligiram 40 na sabon aka gwada da 20 na tsohon, toh ina mamaki in ya ɗan fi.

Tambayar da har yanzu ba a amsa ba ita ce me ya sa rayuwa ta zaɓi L tun farko. A dutsen da ya faɗo daga sama a Murchison ta Ostireliya a 1969 an samu wasu tubalan amino da na L ya ɗan rinjaya, wanda ya sa wasu ke ganin daga sararin samaniya aka faro, sannan Kenso Soai a Japan ya nuna a 1995 cewa akwai haɗin da ɗan ƙaramin rinjaye ke haɓaka kansa har ya kusa cinye duka. Amma samfurin da kumbon NASA ya ɗebo daga Bennu, wani dutse da ke yawo a sararin samaniya, ya iso duniya a 2023, da aka auna nasa tubalan kusan rabi da rabi aka samu, sai lissafin ya sake dagulewa. Kuma ba wai D haramun ne ga mai rai ba, bakteriya suna gina bangon jikinsu da alanin na D, fenisilin ma kwaikwayon siffar wannan yake yi ya yaudari enzayim ɗin da ke ginin.

Daga nan wani tunani ya taso wa masu haɗa halitta a lab, cewa tunda ana iya ƙera furotin da tubalan D zalla, wanda enzayim ɗin jiki ba ya iya narkawa da wuri kuma hakan na iya zama alheri ga magani, me zai hana wata rana a gina bakteriya sukutum da komai nata juye yake. A watan Disamban 2024 masana 38, ciki har da waɗanda su da kansu suka taɓa neman yin hakan, suka fito a mujallar Science suka ce kar a yi. Hujjarsu ita ce garkuwar jikin mutum da dabba da tsiro da siffa take gane maƙiyi, ƙwayoyin bairos da ke cin bakteriya ma haka, yawancin magungunan kashe bakteriya ma haka, ita kuwa juyayyar za ta iya samun abinci daga sinadarai marasa dama da hagu irin su gilisarol ta ci gaba da yaɗuwa ba mai taka mata birki. Sun ce ana buƙatar aƙalla shekara goma kafin a iya ƙera ta, kuma abun da suka nema shi ne masu ba da kuɗin bincike su ƙi ɗaukar nauyin aikin tun yanzu, amma a bar masu ƙera juyayyun furotin ɗaiɗai don magani su ci gaba da nasu.